Da hannun hagu nake rubuto muku

Tun da na dawo gida da hannu rataye a wuya, tambayar mutane ba ta wuce biyu: Keke ne ya kayar da ke, ko a banɗaki kika zame? In na ce a kan ƙanƙara na faɗi, sai a yi shiru a kalle ni sama da ƙasa. Wata maƙwabciyarmu a nan Unguwar Rimi, Kaduna, ta ɗauka ƙanƙarar sanyaya zoɓo nake nufi, har ta fara yi min faɗa wai gida cike da yara, me zai kai ni ɗaukar ƙanƙara da kaina. To bari in ba da labarin a nan gaba ɗaya, ko bakina ya huta.

Ɗinki nake yi, ina kuma sayar da abaya da mayafai, shagona yana Kasuwar Barci. Ana saura 'yan makonni azumi muka je Dubai saro kayan Sallah, ni da ƙanwata da 'yarta da ta gama sakandare. Da muka gama zirga-zirgar kasuwannin unguwar Deira, kaya suka shiga hannun masu aunawa, sai yarinyar ta tasa mu gaba wai sai mun je wani katafaren kanti da ke da filin zamiya a kan ƙanƙara a tsakiyarsa. Ƙasar da ko ruwan sama sai a daɗe ba a gani ba, amma sun shimfiɗa bututun sanyi a ƙarƙashin daɓe, sun kwarara ruwa ya daskare, suna riƙe shi a wajen digiri 5 ƙasa da sifili. Ana ba mutum hayar takalmi mai rufe idon sawu, a ƙasansa an kafa wani ƙarfe da kaurinsa bai fi milimita 4 ba. A kan wannan siririn ƙarfen ake so duk nauyin mutum ya tsaya.

Na ɗan taka ina riƙe da shingen gefe, har na fara jin daɗin abin. Wani ɗan yaro ya gifta ta gabana da gudu, na zabura in kauce masa, ƙafafuna biyu suka yi gaba, ni na yi baya. Ban san lokacin da na miƙa hannun dama in tare ƙasa ba. Da na ɗago shi na san wannan ya wuce targaɗe, domin wuyan hannun ya yi tudu ta baya ya lanƙwashe, kamar cokali mai yatsu in an kife shi. Zufa ta keto min a cikin wannan sanyin, zuciyata tana tashi. Abin da wata ma'aikaciyar wurin ta fara yi shi ne zare min zobba da awarwaro tun kumburi bai hau ba. Da an ƙara jimawa, da sai an yanke zoben.

A asibiti aka yi hoto. Ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma na ɓangaren babban yatsa shi ke ɗaukar yawancin nauyi in mutum ya dafa ƙasa. Shi ne ya karye, kamar inci 1 kafin gaɓa. Tana cikin karayar da aka fi gani ko'ina, saboda duk wanda zai faɗi hannu yake fara miƙawa. Likitoci suna kiranta da sunan Abraham Colles, wani likitan tiyata na birnin Dublin a ƙasar Ailan, wanda ya yi bayaninta a 1814. Na'urar hoton ƙashi kuwa ba ta samu ba sai bayan da Bajamushe Röntgen ya gano haskenta a 1895. Ke nan shi ma Colles da ido da lalube ya gane karayar, irin na masu ɗorinmu. Na riƙe wannan a raina, domin na san abin da ke jirana a Kaduna.

Suka yi min allurar kashe zafi a daidai karayar, mutum ɗaya ya riƙe damtse, ɗaya ya ja yatsu, aka mayar da ƙashin mazauninsa. Sai aka sa rabin filasta ta bayan hannu, aka naɗe da bandeji. Ba sa zagaye hannun duka a kwanakin farko, don kumburi ya sami wurin tashi. Wannan ya taimake ni ta wani ɓangaren ma, saboda kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa ɗaukar mai sabuwar filasta sai ta yi awa 24 in tafiyar ba ta kai awa 2 ba, ko awa 48 in doguwa ce, sai fa in an tsaga ta. Daga Abuja jirgin ƙasa muka hau, Idu zuwa Rigasa, don ko ƙaramin rami mota ta faɗa sai na ji shi har cikin haƙorina.

Ban gama hutawa ba 'yan dubiya suka cika falo, kowa da maganinsa a baki. Duk wanda ya zauna kuma sai ya tuna min cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kamar ni ce ban sani ba, ni da ko murfin robar ruwa na kasa buɗewa. Amma babbar magana daga surukata ta fito. Ta ƙwanƙwasa filastar da yatsa ta ce, “Ke 'yar nan, su waɗancan ina suka san ɗori? A kwance wannan farar ƙasar a kai ki wurin gidan da suka ɗora wa mijinki ƙafa yana yaro. Ga shi nan yana tafiyarsa garau.” Ni dai na sunkuyar da kai na ce to, Hajiya. Ba a musu da uwar miji. Maigida ne ya bi ta har mota yana lallashi: “Hajiya, ki yi haƙuri, an riga an ɗora. In aka kwance yanzu, sabuwar karaya za a yi mata.” Washegari ta aiko da man shanu da ruwan tofi. Tofin na shanye, man kuma na shafa a yatsu da kafaɗa, inda filasta ba ta kai ba. Kowa ya samu nasa.

Ba na cikin masu zagin masu ɗori. Gadon gidansu ne, suna kusa da mutane, ba sa cewa a je a yanki kati ko a ajiye kuɗi kafin su taɓa majinyaci, kuma suna zama su yi masa magana. Mutane da yawa sun warke a hannunsu, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai a lura, ƙashi shi ke haɗa kansa da ikon Allah. Jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin karayar, cikin mako 2 zuwa 3 wani abu mai taushi ya haɗe ɓangarorin biyu, wajen mako 6 ya yi tauri, sannan jiki ya ci gaba da sassaƙe shi a hankali har sama da shekara. Aikin mai ɗori da na likita duk ɗaya ne: a daidaita, a hana motsi. Inda suka rabu wuri biyu ne. Mai ɗori ba ya ganin ko tsagewar ta shiga cikin gaɓa, ko ƙashin ya sake gocewa bayan an ɗaure. Na biyu shi ne ɗaurin kara da ake tamkewa a kan hannun da bai gama kumbura ba. In jini ya daina kaiwa, cikin awa 6 zuwa 8 nama na iya fara mutuwa. Likitocin ƙashi a ƙasar nan, daga na Dala a Kano har na Shika a Zariya, sun daɗe suna kokawa da yaran da ake kawo musu hannu ya riga ya yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa. Mu kuma in yaro yana ihu da ɗori a hannu, cewa muke yi ya daure, ɗori ne ke kamawa.

Ita ma filastar asibiti tana iya matsewa, kada a ɗauka ta tsira. Abin da aka ce in sa wa ido shi ne ciwon da ke ƙaruwa magani bai taɓa shi, yatsu su yi sanyi ko su canja launi, su mutu mutum ya daina jinsu, ko ya kasa motsa su. In aka ga haka ba a jiran gari ya waye.

A nan Kaduna na ci gaba da ganin likita. Irin wannan karayar ana sake yi mata hoto cikin mako 1 zuwa 2, don lokacin ne ƙashi ke zamewa in kumburi ya saɓe filasta ta yi sako-sako. Nawa ya zauna, alhamdulillahi, sai aka zagaye hannun da cikakkiya. Akwai ta zamani mai kama da raga, ba nauyi, amma ta fi tsada, ga kuɗina duk sun tafi a abaya. Na zaɓi POP, wadda garinta ɗaya da wanda ake yi mana silin da shi. Wani likitan sojan ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, shi ya fara barbaɗa garin a bandeji a 1851, har yau kuma haka ake yi. Tana ɗumi lokacin da take kamawa, kuma sai ta kwana 2 zuwa 3 kafin ta bushe sosai, don haka a kan filo ake ajiye ta, ba a bakin tebur ba, kada ta loɓa ta danne fata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ciwon karaya bayan makon farko ya lafa, farasitamol da sahur da buɗa-baki ya ishe ni. Abin da ya dame ni shi ne hannun dama ne, ni kuma Bahaushiya Musulma. Sai da aka ɗaure shi na ga yawan abin da muka ɗora masa.

Fara da alwala. Malamin islamiyyarmu ya warware min: in wanke abin da ke waje, wato yatsu da gwiwar hannu, in jiƙa hannu in shafa a kan filasta sau ɗaya, ya wadatar. Hukuncin ba wuya. Amma wa zai riƙe buta? Hannun da zai zuba ruwa shi ne hannun da zai tara. In akwai ruwa a famfo, shi ke nan. In babu, sai na tashi autata da asuba ta zuba min tana gyangyaɗi. Wanke hannun hagu da kansa kuwa wani aiki ne, sai dai a kwarara ruwa in goga shi da yatsun dama da suka leƙo. A sujada ba na iya dafa ƙasa da tafin, sai in ajiye shi a hankali in bar nauyina a hagu. Tarawihi a gida na yi, don a cunkoson masallaci wata na iya buge ni ba da niyya ba.

Sai abinci. Tun muna yara ake buge mana hannu in muka kai loma da hagu. Na tambayi malam, ya tuna min cewa mutumin nan da ya ƙi ci da dama a gaban Manzon Allah (SAW), girman kai ne ya hana shi, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim, mai lalura kuwa ba laifi a kansa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, amma zuciya ba ta karanta fatawa. Hannun da na yi tsarki da shi ɗazu, shi zai kai tuwo bakina? Sai na koma cokali, komai da cokali. Tuwon shinkafa da cokali yana ciyuwa, amma ba shi ba ne. Nama kuwa sai an yayyanka min kamar 'yar yaye. Ƙosai da dabino na buɗa-baki da tsinken sakace nake soka su.

A waje abin ya fi ciwo. Hijabi yana rufe filasta, ba wanda ya san halin da nake ciki. Wata rana a kan titin Ahmadu Bello na miƙa wa mai Keke kuɗi da hagu, dattijo ne, ya dubi hannun ya dube ni, ya karɓa ba tare da ya ce komai ba, amma kallon ya ishe ni. Na ɗaga hijabi na nuna masa. Nan take ya rikice, “Ayya Hajiya, sannu, Allah ya ba da lafiya,” har yana neman mayar min da kuɗin. Daga ranar na koma fito da hannun waje, ko in riga mutum da cewa a yi haƙuri, dama ba lafiya. Gaishe da manya ma sai na haɗa da bayani, don ba a miƙa wa babba hagu a wuce.

Wajen sutura sana'ata ta yi min rana. Ɗaurin zani da hannu ɗaya ba ya yiwuwa, in ma ya yiwu ba zai kai ki ƙofar gida ba. Na sa yaran shago suka ɗinka min siket mai roba da bubu masu faɗin hannu, ba zif ba maɓalli. Hannun da ya karye shi ke fara shiga riga, shi ke fita daga ƙarshe. Ɗankwali na haƙura da shi na koma hula. Maɓallin rigar mama kuwa ta gaba ake haɗa shi sannan a juya, in ya ƙi a kira 'ya. Na sa aka yi min ƙananan kitso da zai daɗe. Wanka a zaune kan kujera 'yar tsuguno, hannu cikin leda an ɗaure bakinta da roba, an ɗora shi a taga. In ruwa ya shiga POP ta lalace, fatar da ke ƙasa kuma ta jiƙe ta yi gyambo ba a gani.

Ƙaiƙayi fa? Zafin Maris da Afrilu a Kaduna kowa ya san shi, in kuma aka ɗauke wuta da dare sai zufa ta taru a ƙarƙashin filasta, wani wuri can ciki ya fara cizo. Ga tsinken tsintsiya, ga biro, ga allurar saƙa, duk suna kirana. An hana, kuma da dalili: in fata ta ƙuje a ciki ba mai gani sai ta fara wari, murfin biro ma yakan maƙale. Hoda ita ma ba a zubawa. Abin da ya ɗan taimaka shi ne ƙaramar fanka mai caji da nake saita ta a bakin filastar, da ƙwanƙwasa wurin ta waje. Barci kuma a rigingine, hannu a kan filo biyu ya fi ƙirji tsayi, in ba haka ba da safe yatsu sun yi suntum. Kullum ana so mutum ya dunƙule yatsu ya buɗe, ya miƙe gwiwar hannu, ya ɗaga kafaɗa sama. Masu barin hannu a rataye dare da rana sukan warke daga karaya su faɗa ciwon kafaɗa.

Na zama mafaɗaciya a gidan, wannan kowa zai ba da shaida. Mace ta saba ita ke yi wa kowa, yanzu tana tsaye tana kallon 'yarta tana tuƙa tuwo da gudaji, maigida yana yanka albasa kamar zai yi gini da ita. In na yi magana a ce Mama ta cika ƙorafi, in na yi shiru abin ya ci ni.

Shago ne ya fi tsaya min a rai. Ɗinkin Sallah shi ne kakar tela, ga kayan mutane jibge. Keken ɗinki yara na iya hawa, amma yanka ban taɓa bar wa kowa ba, don a nan kaya ke kyau ko ya lalace. Na gwada da hagu. Almakashi na 'yan dama ne, in aka riƙe shi da hagu yatsu suna ware bakinsa maimakon su haɗe shi, sai ya riƙa tauna yadi. Dole na miƙa wa babbar yarinyar shagona, wadda ta fi daɗewa a wurina. Ina tsaye a kanta ina nuna layi da alli, hannunta yana rawa a kan shaddar wata Hajiya da kuɗinta ya fi albashin yarinyar. Ta yanka. Kafin Sallah ta daina jirana in zana mata.

Ranar cire filasta na ɗauka an gama. Zarton da suke amfani da shi ƙara ce kawai ke gare shi, ba juyawa yake yi ba, karkarwa yake yi, shi ya sa yake cin abu mai tauri ya bar fata. Hannun da ya fito ban gane shi ba: ya rame, fata tana saɓa, ga wani tsami. Na yi niyyar ɗaga hannu in yi hamdala, sai tafin ya ƙi kallon sama. Ya tsaya a rabi, cak. Ashe juya tafi sama da ƙasa aikin wannan ƙashin ne, shi ke birgima a kan ɗan'uwansa, kuma zaman mako 6 ya sandarar da komai. Nan na daina shafa, na koma wanke hannu sosai a alwala, amma cin tuwo da dama sai da na ƙara jira, don loma ba ta isa baki in tafi bai juyo ba.

A nan ne mutane da yawa ke yin sakaci, su ce ai an warke. Masu gashin ƙashi suka ba ni aiki: in jiƙa hannun a ruwan ɗumi, in haɗa tafi da tafi a ƙirji in riƙa sauke su ƙasa, in riƙe muciya a tsaye in karkata ta dama da hagu nauyinta yana jan hannun, in matse soso. Da zafi, ba kaɗan ba, amma ba irin zafin karaya ba. Sun ce aikin da ba nauyi yakan dawo cikin wata 1 zuwa 2 bayan cire filasta, cikakken ƙarfi kuwa yana iya kai shekara. Ɗaukar bokitin ruwa da matse wanki har yanzu an hana ni.

Likitan ya yi min wata tambaya da ban zata ba, ko al'adata ta fara ɗaukewa. Shekaruna sun kusa 50. Ya ce bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin yin rauni, kuma sau da yawa karayar wuyan hannu ce ke fara tona shi, kafin ta ƙugu ta zo daga baya. Akwai gwajin ƙarfin ƙashi da ya ce in yi. Babban mutum yana buƙatar wajen miligiram 1,000 na sinadarin kalsiyam a rana, mace da ta haura 50 kuwa 1,200. Ba sai an nemo wani abin waje ba: kindirmo, nono, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Sai hasken rana, wanda da shi fata ke haɗa bitamin D. Rana ba ta yi mana ƙaranci a Kaduna ba, amma irina da ke fita daga ɗaki zuwa Keke zuwa shago cikin hijabi har ƙasa, yaushe ta taɓa ni? Yanzu da hantsi ina zama a tsakar gida in naɗe hannun riga, ina juya muciyata, yara suna dariya.

Har yanzu da babban yatsan hagu nake danna waya, don na dama yana saurin gajiya, sai a yi haƙuri da duk harafin da ya goce. Almakashi na fara riƙewa. Atamfa tana yankuwa, shadda da leshi mai dutse sun fi ƙarfina tukuna, suna hannun yarinyar. Makon jiya ta same ni bayan an rufe shago, tana murza bakin mayafi, ta ce, “Anti, dama ina so in yi miki maganar ƙarin kuɗi.” Na ce ta bari in yi lissafin kayan Sallah tukuna. Na yi lissafin, kuma za ta samu.